Ƙahon da Aka Yi wa Yaya Kafin Mu Tafi Masar

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa a Yelwa, malamai 'yan'uwana su tare ni a baranda: Malama Rabi, yaya Masar? A gidan suna haka, a wajen niƙa haka, har mai babur ɗin da ke kai ni aiki ya ce in ba shi labarin jirgin sama. Wasu tausayi ke sa su tambaya, wasu so suke su ji ko na zo da turare. Na gaji da amsa guntu-guntu, kuma duk amsar da nake bayarwa rabin gaskiya ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya karanta sai ya shafa mini lafiya.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayana na kai asibiti. Yaya Umaru shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. A Wara ta ƙasar Ngaski yake zaune, yana tuƙa jirgin ruwa mai inji, yana ƙetare da mutane da buhunan albasa da shinkafa ranakun kasuwa. Mutum ne mai ƙirar ƙarfi da ba ya ciwon kai. Sai ya fara rama, gefen cikinsa na dama yana masa nauyi, idonsa ya yi rawaya. Aka ce shawara ce, ya sha jiƙo har ya gaji. Da aka kai shi Sakkwato aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce ƙari ne a hanta, ciwon daji. Ya ce sa'ar da aka yi yana gefe ɗaya, ana iya yanke shi, amma fa a yi sauri. Dangi suka haɗa ƙarfi aka shirya tafiya Alƙahira.

A taron da aka yi a zauren Kawu ne aka zaɓe ni rakiya. Kawu ya ce an gaya masa aikin hanta yana cin jini, dole a tafi da wanda zai ba shi nasa. "Rabi za ta tahi," in ji shi. "Ciki guda sunka hito, nono guda sunka sha." Kowa ya gyaɗa kai, har ni. Ba wanda ya kawo zancen gwaji, don a wajenmu wannan ba magana ba ce mai buƙatar gwaji.

Ana gobe za mu tashi na isa Wara da la'asar, na tarar da Yaya zaune kan turmi a tsakar gida ba riga, wanzami ya jera masa ƙaho a baya da kan haƙarƙarinsa na dama. Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta aika aka kira shi. A gidanmu haka ake yi tun kakanni, duk wanda jikinsa ya yi nauyi ko zai yi doguwar tafiya sai an sauke masa jini. Na ce, "Inna, an tambayi likita kuwa?"

"Wane likita?" ta ce. "Mataccen jini na anka hidda. So kike ya je ma Larabawa da ƙazanta cikin jiki? In sunka buɗe su iske wuri tsab."

Na dubi Yaya, ya ɗan girgiza mini kai alamar in bar zancen. Tunda yake bai taɓa ce wa Inna a'a ba, ba kuwa ranar bankwana zai fara ba.

Da safe muka shiga motar Abuja. Wanda ya san hanyar Kontagora ya san ba hanya ba ce, ramuka ne aka bar 'yar kwalta a tsakaninsu don tarihi. Ga shingayen jami'ai, ga tsoron daji, duk wanda ke motar bakinsa na motsi da addu'a. Mun wuce Tegina Yaya ya sunkuya zai gyara takalmi, sai na ga rigarsa ta manne da kujera. Jini ne. Tsagar ƙahon jiya ba ta tsaya ba, tana ta tsattsafowa. Direba ya waiwayo, abin da ya fara fita bakinsa shi ne kujerarsa sabuwar shimfiɗa ce. Na wanke direban tas da baki, ban rage masa komai ba, har fasinjoji suka shiga ba ni haƙuri. Wata Bafulatana mai zuwa Minna ta kwance mayafinta ta ba ni na ɗaure wa Yaya. A Zungeru wani mai kemis ya sa masa auduga da filasta, ya ce ba komai, zafin hanya ne.

Filin jirgin Abuja bai ba ni wahala ba sai matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya ina kallonta kamar akuya a bakin kwale-kwale, na sa ƙafa ɗaya, ta tafi da takalmina ta bar ni. Cikin jirgi kuwa sanyi ya hana Yaya sakat, na rufa masa bargo biyu yana rawar ɗari. Na ɗauka sanyin jirgi ne, ashe zazzaɓi ne ya fara.

A Alƙahira aka buɗe jakarmu. Matar Yaya ta cika ta da bandar tarwaɗa, Inna ta ƙara da kuka da yaji da ƙullin daddawa. Jami'in ya kwance ƙullin ya kai hanci, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina. Suka yi ta Larabci da ƙarfi, ni ina Turanci, ba mai jin wani. Na nuna baki na nuna ciki, alamar abinci ne. Ƙarshe suka riƙe kifin da daddawar, suka bar mana kuka da yaji. Yaya da ke kan keken marasa lafiya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ki bar masu, Rabi. Yau matansu za su san miya."

Wanda ya tarye mu Malam Isiyaku ne, mutumin Argungu da ya je karatun addini ya daɗe har gemunsa ya fara furfura. Shi ne tafintan marasa lafiyar ƙasarmu. Ya kai mu masauki can saman wani dogon bene, kowane ɗaki da majinyaci da mai jinyarsa, daga Kano, daga Gombe, daga Nijar. Gidan warin magani yake, kuma ba a dariya da ƙarfi a cikinsa. Mutanen gari kuwa ba su iya magana a hankali ba. Kwanakin farko duk wanda na ji suna ciniki sai in ɗauka dambe za a yi. Matansu ba sa saukowa sayen gurasa, kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai gurasa ya zuba su ja. Wannan dabara ta burge ni. Abincinsu ne bai burge ni ba. Da safe dafaffen wake da gurasa, da rana shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, ba yaji ba mai, sai ruwan tumatir mai tsami. Na nemi garin tuwo na rasa, na tuƙa shinkafa na kaɗa miyar kuka ba daddawa. Yaya ya ci loma kaɗan don kada in ji haushi.

Maƙwabciyar ɗakinmu Hajiya Kuluwa ce daga Maraɗi. An riga an yi wa mijinta irin aikin da za a yi wa Yaya, suna jiran sallama. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Mi ne jininai?"

Na ce ban gane ba.

"Rukunin jini nike nuhi. Nan gidan shi muka tambaya kahin suna. Masu O su ka daɗewa bayan aikin ga, kowa ya sani. Nawa maigidan A gare shi, shi ya sa ba ni da kwanciyar rai."

Na ce mata mu ba mu sani ba, amma ko mene ne iri ɗaya ne da nawa. Ta dube ni ta girgiza kai.

Likitar da ta duba Yaya mace ce mai furfura, ba ta da yawan fara'a. Ta ɗaga rigarsa ta ɓare filastar, sai na ga fuskarta ta sauya. Tsagar ta kumbura ta yi ruwa. Ba sai an yi mata bayani ba, su ma suna yin ƙaho a ƙasarsu. Ta yi magana a hankali Malam Isiyaku yana fassarawa. Ta ce hanta mai ciwo ba ta barin jini ya daskare da wuri, shi ya sa ya yi ta zuba. Ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ga zazzaɓi, ga miki ya ruɓe daidai wurin da za ta sa wuƙa. Ba za ta taɓa shi ba sai ya warke. Na ce likitan Sakkwato ya ce a yi sauri. Ta ce shi ma gaskiya ya faɗa.

Aka ɗebi jininmu mu biyu. Da sakamako ya fito, na Yaya O ne, kuma irin O ɗin nan mai wuyar samu da ba ya karɓar kowane jini sai irinsa sak. Nawa B ne. Na ce a sake gwadawa, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Likitar ta ce ko tagwaye ne yana iya bambanta, kuma in aka sa masa nawa zai iya kashe shi. Na fito na zauna a kan benci na yi kuka sosai. An bar maza majiya ƙarfi a gida an ɗauko ni don abu ɗaya tak, ga shi abin ba ya jikina. Ban taɓa jin na zama kayan banza irin na ranar ba.

Shi kuwa Yaya murna ya yi. Hajiya Kuluwa na jin an ce O ta ɗaga hannu sama ta ce ya tsira, ta bi ɗaki-ɗaki tana ba da labari. Ni dai ban yarda da likitancin tsakar gida ba, don haka da muka koma wankin miki na sa Malam Isiyaku ya tambayi likitar. Ta ce zancen yana da tushe amma an ƙara masa gishiri. Likitoci suna ta bincike a kai, wasu sun ga kamar masu O suna ɗan fi daɗewa bayan aikin, wasu ba su ga haka ba. Ta ce ita abin da take dubawa shi ne girman ƙarin, da ko ya shiga jijiyar jini, da kuma lokacin da aka ɓata kafin a cire shi.

Haka muka zauna mako yana bin mako. Ka san abu yana girma a cikin ɗan'uwanka, kana kallonsa yana shan shayi, ba abin da za ka iya. Wata ranar da Yaya ya ji dama-dama muka kai shi bakin kogin Nilu. Ya daɗe yana kallon jiragen da ke wucewa da kiɗa da fitilu. Ya tambayi Malam Isiyaku wace kasuwa suke zuwa. Aka ce masa ba inda suke zuwa, zagayawa suke su dawo inda suka tashi. Ya ce, "Ba buhu ko guda? Su ƙone mai don kallon ruwa?" Ya girgiza kai. Na san jirginsa yake tunawa.

Saura neman jini. Asibitin suna da ma'ajiya, amma irin nasa kaɗan ne, suka ce sai mun kawo wanda zai bayar kafin su sa rana. A gida in aka ce ana neman jini, kafin azahar unguwa ta cika asibiti, har da waɗanda ba a gayyata ba. A nan wa na sani? Malam Isiyaku ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a a masallacin da mutanenmu ke taruwa. Allah ya saka musu, sun zo, ɗalibai da 'yan kasuwa, aka yi ta gwadawa ana sallamarsu. Sai wani dogon mutum baƙi mai farar jallabiya ya zo, tela ne daga Sudan, yaƙi ya koro shi. Nasa ya dace. Na fara haɗa 'yan kalmomin Larabcin da na tsinta zan gode masa, sai ya ce da ni, "Sannu, 'yar'uwa. Ina gajiya?"

Sunansa Abakar. Ya ce kakansa daga ƙasar Kabi ya fito da ƙafa za shi Makka, ya tsaya a hanya noman guzuri, guzurin bai cika ba har ya mutu. Shi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabi Larabci. Ya tambaye ni ko gaskiya ne akwai ruwa a wajenmu mai faɗin da ba a hango gaɓa. Na ce akwai, kuma wanda za ka ba jini shi ke ƙetare shi kullum. Ya ƙi karɓar ko kwalbar lemo, ya ce in dai Yaya ya tashi ya yi masa addu'a a bakin ruwan.

Ranar aiki aka shiga da shi da hantsi. A gida da yanzu dangi sun shimfiɗa tabarmi sun cika baranda da kwanukan abinci, nas tana kora suna dawowa. Da ina jin haushin wannan ɗabi'a tamu, ranar na yi kewarta. Kujera ɗaya suka ba ni a wani dogon lungu mai sanyi. Hajiya Kuluwa ce ta bar mijinta ta zo ta tsaya a kaina tana jan carbi, tana ce mini, "O na, ɗiyata, kwantar da ranki."

Bayan la'asar likitar ta fito ta kira ni da Malam Isiyaku. Ta ce ya tashi lafiya, jinin da aka tanada ya isa. Na fara hamdala, sai na ga ba ta gama ba. Ta ce ƙarin ya fi yadda yake a hoton Sakkwato girma, kuma ya riga ya kai ga jijiya. Ta cire abin da ke ciruwa. Ta ce in shirya zuciyata, irin wannan yakan dawo, kuma ba ya daɗewa. Na tambaye ta kai tsaye, da an yi aikin ranar da muka zo fa? Ta buɗe tafin hannu ta ce Allah ne masani, ba za ta iya rantsuwa ba, amma ta so a ce makonnin nan suna hannunta. Na ce to jinin nasa na O? Ta dafa kafaɗata kawai ta koma ciki. Na roƙi Malam Isiyaku kada Yaya ya ji, ya ce to.

Su Hajiya Kuluwa sun riga mu tafiya, mijin yana takawa da ƙafarsa. Ban san yadda suka ƙare ba, lambar da ta ba ni ba ta shiga. Mu ma da ɗinki ya kama aka sallame mu. Dawowa ba ta da labari, ko kuwa ni ce ban ga komai ba.

A Wara mutane suka yi cincirindo. Masu jirgi, masunta, matan kasuwa, har daga Shanga an zo. Yaya yana jingine da matashi, duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Jinina O na, irin mai daɗewa. Larabawa da kansu sunka hwaɗi." Inna kuwa baki har kunne. Tana raba goro tana cewa, "Da ban sa an hidda mataccen jinin nan ba, da wa ya san abin da za su iske?" Mata suna cewa ai tsoho ya san abin da yake yi. Raina ya ɓaci. Kowa ya san bakina ba ya riƙe magana. Na ajiye butar da ke hannuna na ce, "Inna," sai Yaya ya katse ni, ya ce in kama shi yana son ganin jirginsa.

Muka taka a hankali zuwa bakin ruwa. An jawo jirgin kan yashi, rana ta fara tsaga katakon. Ya zauna a gefensa ya huta, ya ɗaga hannu ya yi wa Abakar addu'ar da ya roƙa, na shafa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abin da kika so ki hwaɗi, kar ki hwaɗe shi."

Na ce, "Yaya, ba ka san abin da likita ta ce ba."

"Na sani. Na tsare Malam Isiyaku ranar da kika tahi sayen tsaraba, na haɗa shi da Allah. Dud ya gaya mani, har zancen jijiya."

Na ce to me ya sa yake ta gaya wa mutane zancen O.

"Ba mutane nike gaya ma ba, Inna nike gaya ma. Rabi, ni tahiya za ni, yau ko gobe. Ita za ta zauna. In ta san ƙahon nan ya ci mani kwanaki, da mi za ta yi sauran nata? Ba ta yi don ta cuce ni ba. Ki bar ta ta ɗauka ta taimaka."

Na ce ban iya ƙarya ba. Ya ce in koya, ai ni malama ce.

Ku da kuka karanta wannan, Inna ba ta karatun boko, kuma na san gidan kowannenku. Ku riƙe bakinku yadda nake riƙe nawa.

Yanzu duk ƙarshen mako ina Wara. Yaya ya daina fita, idonsa ya soma komawa rawaya, ƙafafunsa suna kumbura. Asabar ɗin da ta wuce ina tsakar gida ina dama masa kunu, Inna ta fito daga ɗakinsa ta zauna kusa da ni. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sannan ta ce a hankali, "Rabi, ke kika ji bakin likita da kunnenki. Jinin nan nashi, mai daɗewa na ko?"

Na ce, "Eh, Inna. Haka suka ce."

Ta ce alhamdu lillahi, ta karɓi ludayin daga hannuna ta ce kunun ya yi kauri, ba zai iya haɗiya ba.